Matan ma'adinai su je gaban masu doka, amma su tafi da saƙon ajinmu

Duk malamin da yake jahar Maraɗi a watan Nuwamba na 2021 ba zai manta da wasu kwanaki biyu da suka zo a jere ba. Ranar Lahadi 7 ga wata, ramin haƙar zinariya ya rufta da mutane a Garin Liman, cikin yankin Ɗan Isa, aka zaƙulo gawawwaki 18. Washegari Litinin, tun ba a tashi daga zaman makoki ba, gobara ta kama azuzuwan zana na wata firamare cikin birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, galibinsu ƴan shekara 5 zuwa 6. Allah ya jiƙansu, ya ƙara wa iyayensu haƙuri.

Gidajen rediyo sun kawo su a matsayin labarai biyu. Ni dai har yau labari ɗaya nake gani. Cikin jaha guda, zinariya na kwance ƙarƙashin ƙasa, ƴaƴanmu kuma na zaune ƙarƙashin kara. Abin da ya kamata ya haɗa arzikin ƙasa da rufin aji takarda ce da ake kira dokar ma'adinai, kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, daga malamai har iyaye, ƙalilan ne cikinmu suka taɓa karanta ko shafi ɗaya nata. Ni ma ban karanta ba sai da wata tsohuwar ɗalibata ta ba ni kunya.

Yarinyar na koyar da ita a CM2 a farkon shekarun aikina, bayan fitowata daga ekol normal. Yanzu matar aure ce mai ƴaƴa biyu, ta yi karatun ilimin duwatsu, tana aiki a fannin ma'adinai. Ta zo gida hutu ta biyo ta makaranta gaishe ni. Cikin hira take ce mini ita da wasu abokan aikinta mata sukan nemi ganin masu rubuta dokoki a Yamai, su zauna da su, su faɗa masu abin da suka gani a wurin aiki. Bayan ta tafi, wani abokin aikina da ya ji hirar ya yi dariya ya ce: "Malam, ai wannan kamun ƙafa ne kawai, an sa masa ɗankwali."

Maganarsa ta daɗe tana yi mini yawo a kai, don akwai gaskiya cikinta. Kamun ƙafa ne. Kalmar ba ta da farin jini wurinmu, domin mun saba jin ta in ana neman a cusa ɗan wani a aikin da bai cancanta ba, ko a ɗauke malama daga makarantar ƙauye a dawo da ita birni a bar aji ba kowa. Amma mu tsaya mu duba yadda ake yin doka. Ba daga sama take faɗowa ba. Wasu mutane ne ke zama cikin ofis su rubuta, kuma yawancinsu ba su taɓa leƙa rami ba. Abin da aka faɗa masu, shi suke rubutawa. Kamfanoni sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke da lauyoyi da masana waɗanda aikinsu ke nan, su kasance kusa lokacin da ake zaɓen kalmomi. Wanda bai je ba, za a rubuta dokar ba tare da shi ba, sannan a aiwatar da ita a kansa. Da rashin tayi akan bar arha. Saboda haka ni zuwan matan bai dame ni ba. Abin da nake son sani shi ne me suka ɗauka cikin jakarsu, kuma saƙon wa suka kai.

Wannan hanya ba a nan aka fara ta ba. A Amurka, a shekarar 1993, lokacin da majalisarsu ke muhawara kan sauya tsohuwar dokar ma'adinai ta 1872, wasu mata uku masana duwatsu daga jihar Nebada suka kafa ƙungiyar matan ma'adinai. Tun daga nan sukan tattaru shekara-shekara su tafi Washinton, su rarrabu, su bi ofisoshin ƴan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Ba kuka suke kai wa ba. Kowace takan faɗi aikinta, garin da take, mutum nawa ke cin abinci daga mahaƙar, da abin da sakin layi kaza na doka zai jawo in aka bar shi yadda yake. Wannan tsari ya burge ni, kuma ina ganin abin koyi ne. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Waɗannan mata bakin masana'antar suke karewa: a sauƙaƙa ba da izinin haƙa, a rage jinkiri. Haƙƙinsu ne, kuma ba su ɓoye ba. Amma kasancewar mai magana mace bai sa maganarta ta zama ta dukkan mata ba, balle ta yara.

Akwai masu cewa doka ba ta san namiji ko mace ba, don haka ko wa ya je duk ɗaya ne. Afirka ta Kudu ta ba su amsa. Can sai a shekarun 1990 aka ɗage haramcin shigar mata ramukan ƙarƙashin ƙasa, daga baya ma aka sa wa kamfanoni burin kashi 10 cikin 100 na ma'aikata su zama mata. Matan suka shiga, suka tarar da kayan aiki an ɗinka su don jikin maza, babu makewayin mata a ƙasa, babu tsarin abin da za a yi da mai juna biyu. Ba mugunta ce ta sa aka manta ba, waɗanda suka rubuta ƙa'idojin ba su taɓa buƙatar waɗannan abubuwa ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To a Nijar su wa ake nufi in an ce matan ma'adinai? Abin da ke fara zuwa rai shi ne mace da hular kwano da takalmin aiki, wadda ta fito daga makarantar EMIG ta Yamai ko makarantar ma'adinai ta Agadas, tana aiki a ɗakin gwaji ko a ma'aikatar ma'adinai. Suna nan, suna da ƙungiyoyinsu, irin su AFSIEN, kuma ina alfahari da su. Amma ba su da yawa. Mafi yawan matan da ke ci daga abin da ke cikin ƙasa ba su da hular kwano. Su ne masu dafa gishiri a Dallol Foga wajen Gaya, da masu aikin gishirin Tegidda a jahar Agadas, da masu kanwa a Boboye, da masu tsintar dutsen jips a yankin Madawa wanda ake kai wa masu siminti. Su ne masu fasa tsakuwa a bakin garuruwanmu da jariri a baya. Su ne masu daka dutse da wanke shi a wuraren zinariya irin Komabangu cikin jahar Tillaberi. Waɗannan ba su san ƙofar ma'aikata ba, ba su jin Faransancin da ake rubuta doka da shi. Kuma ƴaƴansu ne ke zaune gabanmu kowace safiya, in sun zo.

Nan ne nake son in daɗe kaɗan, domin nan ne maganar ta shigo aji kai tsaye.

A shekarar 2010, a maƙwabtanmu na Zamfara, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara suka dinga mutuwa ana cewa zazzaɓi ne, ana cewa iska ce. Sai da ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta shiga aka gano gubar dalma ce. Yara kusan 400 suka rasu. Ta ina gubar ta shiga? Maza ne ke haƙo dutsen zinariya, amma gida ake kawo shi. Cikin gida ake daka shi, ake niƙa shi, ake shanya shi, a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Aikin da aka ɗauka na mata ne, mai sauƙi, wanda ba sai an fita ba, shi ya kai mutuwa har ɗaki. Waɗanda suka tsira ma ba duka suka tsira lafiya ba, domin dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Irin wannan yaro ne zai shigo CI, a yi shekara ana nuna masa baƙi bai riƙe ba, malami ya ce dolo ne, uba ya ce malami ne bai iya ba. Ba kowane dutsen zinariya ke da dalma ba, amma ido ba ya rarrabewa, sai an auna. Tsakanin kudancin Maraɗi da Zamfara ba wata tazara, kuma masu haƙa ba su san iyaka ba.

Ga kuma zaiba, wadda ake kama zinariya da ita sannan a ƙona. Hayaƙinta ba ya wari, amma yana shiga jini, yana isa ga ɗan da ke ciki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba tun 2017. Takarda ta samu. Amma wa zai tashi gaban masu doka ya ce: a hana daka dutse cikin gidaje, a keɓe wurin niƙa nesa da rijiya da makaranta, a sa awon jinin yara cikin aikin likitocin da ke kusa da mahaƙa? Namiji na iya faɗa, ba shakka. Sai dai namijin da ke cikin harkar, hankalinsa na ga rami da farashin giram. Abin da ke faruwa a turmi, mace ce ke tsaye kansa. Mace mai ilimin sinadarai, wadda ta san me dalma ke yi kuma za ta iya shiga cikin gida ta zauna da matan a kan tabarma, ita ce kaɗai ke iya ɗauko maganar daga tsakar gida ta kai ta teburin minista ba tare da ta zube a hanya ba. Dalilina na farko ke nan na goyon bayan zuwansu.

Na biyu shi ne kashi 15. Da yawa cikin iyaye ba su san da shi ba. Tun gyaran dokar ma'adinai na 2006, an tanadi cewa daga kuɗin da gwamnati ke samu na ma'adinai, kashi 85 cikin 100 na shiga baitulmalin ƙasa, kashi 15 kuma a mayar wa ƙananan hukumomin jahar da aka haƙo arzikin, don ayyukan raya su. Dokar man fetur ma ta yi irin wannan tanadi. Kuɗin nan ba kyautar kowa ba ne, ba tallafin wata ƙungiyar waje ba ne, haƙƙi ne da doka ta rubuta. Ƙungiyoyin farar hula irin ROTAB sun shekara suna kukan cewa kuɗin na makara, ana tara bashinsa. Ni tambayata ta fi wannan sauƙi. Ya ku iyaye, a cikinku wa ya taɓa zuwa ofishin magajin gari ya ga takarda manne a ƙofa, an rubuta: bana kaza muka samu daga kashi 15, ga aji nawa muka gina da shi? Hukumomi da kansu sun taɓa ambata azuzuwan zana dubu 36 a faɗin ƙasa. Kowace shekara sai an jira an gama girbi a samu kara kafin a kafa su, damina na sauka kuma karatu ya ƙare. Wato yaron ajin zana wata biyu ko uku ake sace masa kowace shekara, ban da haɗarin wuta.

Kuma a lura da wani abu. Harajin masu haƙar gargajiya da kuɗin katinsu na cikin abin da ake kasawa. Ma'ana, in mahaƙa na bisa tsari, tana da rajista, ana auna abin da ya fito, ƙaramar hukumar na da rabo. In kuwa aka bar ta kara zube, ko aka rufe ta da baki mutane suka koma haƙa da dare, zinariyar za ta bi ta bayan gida ta fita, a bar wa gari ramuka da marayu. Shi ya sa ba na tare da masu ganin rufewa kaɗai ita ce magani. Bayan haɗarin Garin Liman an rufe wurin, kuma a lokacin ba wanda zai ce ba daidai ba ne. Amma yunwar da ta kai mutum rami ba a rufe ta ba. Yaran da suka bar ajina ba su dawo ba, gaba suka ƙara, wasu har Jado da Cibarakaten, inda aka yi ta tururuwa tun 2014.

Kundin tsarin mulki na 2010 ya ƙunshi wani tanadi mai kyau: a buga yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. An dakatar da kundin a Yulin 2023, majalisar dokoki ma an rushe ta, daga baya aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Yanzu dokoki daga majalisar ministoci da fadar shugaban ƙasa suke fitowa, ga kuma majalisar tuntuɓa da aka kafa a 2025. Wani zai ce to ai babu depite, wa za a kama wa ƙafa? Ni akasin haka nake gani. Lokacin da ake sake rubuta manyan takardun ƙasa shi ne lokacin da kalma ɗaya ke shiga ko ta fita, kuma in ta fita sai an yi shekaru kafin a dawo da ita. A da, dokar kason mata ta 2019 ta ba su kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe. Kujera dai kujera ce. Amma mace mai kujera wadda ba ta san bambancin izinin bincike da izinin haƙa ba, hannu kawai za ta ɗaga. Tana buƙatar ƴar uwarta mai sanin aikin ta zauna kusa da ita ta fassara mata.

Dubi Arlit. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akokan, ya yi sama da shekara 40, ya rufe ranar 31 ga Maris na 2021. Ya bar tulin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20, wadda gubarta za ta daɗe fiye da jikokin jikokinmu. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila. Abokan aikinmu da aka taɓa turawa can sun san me rufe mahaƙa ke nufi ga makaranta: uba ya tafi neman wani aikin, uwa ta rage da yara, aji ya ragu. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna, kuma na fahimci dalilinsu, shekara 50 ba kwana 50 ba ne. Amma akwai nauyin da ya biyo bayan murnar. Da, in ruwa ya gurɓace, muna da baƙon da za mu nuna wa yatsa. Yanzu mai gonar shi ne mai gadi. Wa zai auna ruwan? Wa zai buga sakamakon? Ina kuɗin gyaran wuri ranar da wannan ma za ta rufe? Waɗannan tambayoyi ba adawa ba ne, tambayoyin mai gida ne. Kuma masu iya yin su da hujja, da lambobi, ba da hayaniya ba, su ne waɗanda suka yi aiki a ciki.

Maganar makamashi ba sai na tsawaita ba, kowa na cikinta. Ƙasar da uraniyom ɗinta ya shekara yana kunna fitilun Faransa, kusan mutum 2 cikin 10 ne kawai masu wutar lantarki a cikinta, a ƙauye kuwa abin ya fi haka muni. Lokacin da Najeriya ta yanke layin wuta a Agustan 2023, ƴan birni suka ɗanɗani abin da ɗalibaina suka tashi a ciki. Muna da kwal a Anu Araren, wanda SONICHAR ke ba mahaƙun arewa da Agadas wuta da shi. Muna da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da ta Goru Banda mai megawat 30. Madatsar Kandaji ana ta jira. Matatar SORAZ ta Damagaram na fitar da gas tun 2011. Duk da haka ɗan CM2 da fitilar wayar babansa yake bitar darasi, in an bar masa, ƴar CM2 kuwa sai ta dawo daga itace. Ba wanda ke lissafa sa'o'in da itacen girki ke cinye wa yarinya, domin masu lissafin ba su taɓa ɗaukar dami ba. In za a rubuta tsarin makamashi, a rubuta ciki cewa duk garin da layin wuta ya ratsa, makaranta da ɗakin shan magani ne farko. A rubuta yadda tukunyar gas za ta isa ƙauye da farashin da aka ƙayyade, ba ninkinsa ba.

Yanzu in dawo ga abokin aikina mai dariya, don bai gama ba. Ya ce: "Waɗannan matan otal ne, Malam. Taro a Yamai, hoto, kuɗin zama, a watse." Ba zan ce ƙarya yake ba. Mun ga irin tarukan nan a fanninmu ma, an sha kiran mu horo na kwana uku mu dawo da jaka da bik, aji na nan yadda yake. Haɗarin gaskiya ne: mace ta samu shiga, ta nemi kujera a hukumar gudanarwa, ta nemi kwangila ga kamfaninta, ta fito ta ce an yi wa mata aiki. Neman kujera ba laifi ba ne. Amma in iyakarsa ke nan, mai daka dutse ba ta ƙaru da komai ba, sai dai an yi amfani da sunanta. Don haka goyon bayana da sharaɗi ne. Kafin su hau mota zuwa Yamai, su sauka Komabangu, su sauka Madawa, su sauka Ɗan Isa. In sun dawo daga Yamai, su shiga rediyon gari su faɗa da Hausa da Zabarmanci da Tamashek abin da suka nema da abin da aka amsa masu. Su faɗi wanda ya biya kuɗin motar, in kamfani ne a sani. Wadda ta yi haka, ko otal ta kwana ba ruwana.

Masu cewa bai dace mace ta shiga harkar rami ba, amsarsu gajera ce. Ta riga ta shiga tun kakanninmu, ita ke dafa gishirin da ke cikin miyarku. Abin da ya rage shi ne ko za ta yi aikin da kariya da sani, ko ba su.

Sauran maganar tamu ce, mu malamai da iyaye, kuma zan fara da kaina. Shekaruna na farko a aji, in lokacin lissafi ya yi, maza nake kira allo. In shara ce ko ɗebo ruwa, mata. Ba wanda ya koya mini haka, kuma ban taɓa zama na yanke shawarar yin haka ba, hannuna ne kawai ke nuna inda ya saba. Ita wannan ɗaliba tawa da kanta take ɗaga hannu har in gaji in kira ta. Ranar da ta zo, cikin raha ta ce: "Mushe, ka tuna ka taɓa ce mini in bar wa maza wannan lissafin, in je in share allo?" Ban tuna ba. Ita ta tuna, bayan shekara kusan 20. Nawa ne irinta waɗanda suka ji maganar suka sauke hannu, ba su sake ɗagawa ba?

Matar da za ta tsaya gaban minista ta yi masa bayanin zaiba ba a Yamai ake yin ta ba. A CE2 ake yin ta, ranar da aka bar ta ta yi kuskure a allo ba a yi mata dariya ba. A ajin ƙarshe na kwaleji ake yin ta, lokacin da ake zaɓen fanni bayan BEPC, inda muka saba tura yarinya sashen A ko da makinta na lissafi ya fi na kowa, wai C da D sun yi mata nauyi. A gida ake yin ta, ranar da mai neman aure ya zo tana aji biyu na kwaleji. A ƙasar da mata 3 cikin 4 ke aure kafin shekara 18, duk yarinyar da ta kai bak ta kimiyya, akwai wani uba ko wata uwa da suka jure maganar dangi. Akwai dokar da gwamnati ta fitar a Disambar 2017 don kare karatun ƴa mace, amma takarda ba ta zuwa zaure ranar da ake sa rana. Ba ina cewa kowace yarinya ta zama injiniya ba. Ina cewa in muna son a samu masu yi mana magana da sani, kada mu riƙa kashe su tun suna shekara 11 sannan mu dawo muna cewa babu su.

Kuma muna da abin da su matan ma'adinan ba su da shi. Kafin ta tafi na tambaye ta me malamin ƙauye zai iya yi. Ta ce: "Mushe, in mun shiga ofis muka ce yara na barin makaranta suna tafiya zinariya, sai a ce mu kawo lamba. Mu ba mu da ita. Ku ke da ita, tana cikin littafin kiran suna." Gaskiyarta. Kowace makaranta na da kwamitin COGES, tana da ƙungiyar iyayen yara, da yawa suna da ƙungiyar iyaye mata ta AME. In kowace makaranta da ke kusa da mahaƙa ta cika shafi ɗaya tak a ƙarshen shekara, yaro nawa suka tafi, ƴan wane aji, a wane wata, aji nawa ne na zana, akwai wuta ko babu, rijiya na nesa da wurin wanke dutse ko kusa, darakta da shugaban iyaye su sa hannu, to wannan shafi ya fi jawabi goma nauyi. Ba siyasa ba ce, ba zargin kowa ba ne, ƙidaya ce. A ba hukumar makarantu nata, a ba magajin gari nasa, a miƙa ɗaya ga matan da ke da hanyar shiga inda ba mu da ita.

Na fara da ajina. Na ɗauko littattafan kiran suna na shekara uku da suka wuce, na bi su ɗaya bayan ɗaya da jan bik, inda na manta na tambayi shugabar AME, wadda ta san gidan kowa. Yara maza 9 ne suka tafi zinariya, 2 sun dawo amma sun ƙi shiga aji, wai sun girma. Mata 4 sun bi iyayensu mata wurin wanke dutse da sayar da abinci, ɗaya cikinsu ita ce ta biyu a jarrabawar zango na farko. Na kwafe a takarda mai tsabta, shugaban iyaye ya dangwala yatsa. Ranar Juma'a mai zuwa ƙanen ɗalibar tawa zai tafi Yamai, shi zai kai mata.